Ƙulli Goma Sha Huɗu Don Tafiyar Hantsi Guda

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Daga mahaifinka, majemin nan na cikin birnin Sakkwato, zuwa ga ɗana na fari, Mai Sunan Baba, a masaukinsa na wajen Gawon Nama. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sama, tunda can ka sa gaba yanzu.

Bayan haka, na san za ka yi mamakin ganin takarda daga mutumin da ka durƙusa gabansa jiya-jiyan nan a zaure. To, ka san al'adarmu. Uba ba ya sakin baki da ɗan fari, balle kai da ke ɗauke da sunan mahaifina. Shekara ashirin da shida ban kira sunanka ba, ban zauna na yi hira da kai ba. Jiya maganar ta zo mini har wuya, kunya ta mayar da ita. Shi ya sa yau na wanke hannu daga ruwan bagaruwa na ɗauko alƙalami. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun majemi ne.

Jiya Litinin ka ce mini Baturen fatu, wanda kake yi wa aikin tantance fata, zai ɗauke ka ranar Alhamis a jirgin sama zuwa Kano, ka yi wata biyu kana koya wa mutanen can shanyar inuwa. Na tambaye ka, “Ka je Ƙofar Taramniya wurin Goggonka?” Ka sunkuyar da kai ka ce, “Baba, ai yanzu Kano ba nisa. Da hantsi za mu tashi, kafin azahar mun sauka. Wannan ba tafiyar bankwana ba ce. In na dawo sai in je.” Na ce, “To, Allah shi kiyaye.” Ka tashi ka tafi. Ni kuwa anka kawo mini tuwo, na kasa ci.

Kada ka zaci ina cikin tsofaffin nan masu cewa jirgin sama aikin aljannu ne. Ko kusa! Ranar da ya fara sauka a bayan gari har da ni anka ruga kallo, da furfurata, na bar fatu cikin kwatarniya, takalmina guda ya ɓace a hanya. Hanyar Kano ni na san ta da tafin ƙafata. Kwana goma sha huɗu muke yi da jakai, in ba a sami matsala ba. Yanzu kuma ana shiga mota zuwa Gusau, a hau jirgin ƙasa ta Zariya, kwana uku mutum ya isa. Ga shi kai za ka yi ta tsakanin hantsi da azahar. Wallahi daɗi nake ji. Jiya da yamma duk majemar nan ba wanda ban gaya wa ba, har sunka ce, “Malam, mun ji, ƙyale mu mu yi aiki.”

Amma maganarka ta tsaya mini a rai, don haka yau bayan sallar asuba na tsayar da Liman a ƙofar masallaci. Na ce, “Malam, ɗana zai tafi Kano a jirgin sama. Ba gajiya, ba ƙishirwa, ba kwanan daji. In salla ta riske shi a hanya, zai yi kasaru ko zai cika?” Ni a tunanina zai ce ya cika, tunda wahalar da ta sa anka yi rangwame babu ita. Sai Liman ya yi dariya ya ce, “Majemi, shari'a nisan ƙasa take dubawa. In wuri ya kai tafiyar yini biyu ta raƙumi mai kaya, to wanda ya nufe shi matafiyi ne, ko a kan jaki yake ko a bayan tsuntsu. In azahar ta same shi bai shiga Kano ba, raka'a biyu zai yi. In ya shiga da niyyar zama, sai ya cika.” Ka ji. Jirgin ya rage maka lokaci, amma ƙasar da ke tsakanin Sakkwato da Kano tana nan yadda na bar ta. Kai matafiyi ne, kuma a gidanmu matafiyi yana bankwana, yana neman gafara, kafin ya sa ƙafa waje.

Bari in gaya maka wautar da na tafka a kan wagga hanya, don kada ka ce tsoho yana magana ne daga kan buzu.

Tafiyata ta farko, gemu bai fito mini ba, Baba ya haɗa ni da ayarin wani amininsa. Ni kuwa ji nake duk ayarin ba mai ƙafa irin tawa. Akwai wani dattijo a cikinmu mai ɗingishi, kullum shi ne na ƙarshe, na riƙa tsokanarsa ina cewa sai mun sayar da kaya mun juyo za mu gamu da shi. Da munka kai rijiyar ƙarshe kafin dajin Gundumi, inda ba ruwa sai an ƙetare, madugu ya ce kowa ya cika salka biyu. Ni na cika guda, wai don jakina ya yi sauƙi in riga kowa. Kai, yaro! Washegari rana tana tsaka salkata ta bushe, harshena ya kumbura, na zauna gindin wata ƙaya ina ganin duhu-duhu. Ayari ya yi ta wucewa. Dattijon nan ne ya iso a ƙarshe da ɗingishinsa, ya kwance salkarsa ya ɗora mini a baki. Bai ce mini uffan ba, kuma har ya rasu bai taɓa tuna mini ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Saboda haka in ka shiga jirgin nan, abin da matuƙi ya ce a yi, yi shi, ko ba ka ga dalili ba. In tsoro ya kama ka kada ka ji kunyar yin addu'a a gaban Bature. In kuma ka leƙo ƙasa ka hangi mutane da jakai ƙanana-ƙanana kamar tururuwa suna jan ƙafa a daji, kada ka yi musu dariya. Yi musu addu'ar sauka lafiya, don ubanka ya daɗe a cikinsu.

Wauta ta biyu a Kano na yi ta. Mu da muke tafiya da ƙafa, kunnenmu yana sabawa a hanya. Daga Zurmi magana take fara sauyawa, kafin ka ga ganuwar Kano ka san yadda suke gaisuwa da yadda suke ciniki. Duk da haka, ranar da na fara shiga kasuwarsu, ina buɗe baki wani dillali ya kwaikwaye ni, ya ce, “Mi kac ce, Basakkwace?” Rumfa duka ta kwashe da dariya. Ni da zuciya a kusa, na ɗauki ƙwaryar furar da mai masaukina ya saya mini na watsa masa a riga. Ashsha! Kwana uku ba dillalin da ya ko ɗaga fatata ya duba, jar akuya mai kyau kuwa, sai da mai masaukin ya ja ni da hannu munka je na ba da haƙuri. Daga baya dillalin nan ya zama babban abokina a Kano, kuma har munka tsufa bai daina kwaikwayona ba.

To kai abinka ya fi nawa, don za a sauke ka ne da Sakkwatancinka da zafinsa a baki, ba zango ko ɗaya da zai shirya ka. Za su tsokane ka, ba makawa. Yi dariya, ka rama da wasa, ai su ma maganarsu abin dariya ce in an saurara da kyau. Kuma in kana tantance fata ka ware wata gefe, ka tuna mai ita yana tsaye yana kallonka, ya yi fiɗa, ya yi shanya, ya ɗauko ta daga nesa. Ja shi gefe ka nuna masa inda wuƙa ta ci, da murya ƙasa-ƙasa. Na san ka iya aikinka, idonka ya fi nawa a fata, na yarda. Harshenka ne irin nawa, shi nake jiye maka.

Yanzu ga ta ukun. Ita ce dalilin takardar nan, kuma ban taɓa gaya wa kowa ita da bakina ba.

Bayan rasuwar Baba, ban yi aure ba tukuna, Inna ta ce in bar fatauci in zauna in riƙe majemarsa. Ni kuwa na ɗanɗana hanya, ba na jin kira. Wata rana da la'asar munka yi sa-in-sa, na gaya mata maganar da ba a gaya wa uwa. Ba zan rubuta ta ba. Da gari ya waye na ɗaura wa jaki fatu zan kai Wurno. Na bi ta ƙofar ɗakinta, ina jin motsin ludayi tana dama kunu. Na tsaya, har na ɗaga ƙafa zan shiga, sai na ce a raina, “Wurno ce fa, nan da nan. Jibi ina gida. Kafin nan ta huce, sai in durƙusa in ba ta haƙuri.” Na ja jakina na fita.

A Wurno na tarar da ayari zai tashi Kano, anka ce fata tana daraja can, na bi su. A Kano anka ce ai Adamawa ake neman jar fata irin tamu, na bi. Can kurkunu ya kama mini ƙafa, na yi damina guda a kwance a gidan mutanen da ban sani ba. Da na miƙe, sai da na yi aikin wata damina kafin na sami abin komowa. Ranar da na shigo gida, yayata Kulu, Goggonka ke nan, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta dube ni, ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Ka iso? Inna ta yi wata biyar a ƙasa.” Na zube nan inda nake. Can ta ce, “Tac ce in gaya ma ta yahe.” Na yarda, don Yaya Kulu ba ta ƙarya. Amma kunnena bai ji ba, Mai Sunan Baba. Shekara talatin da wani abu ke nan, har yau in na ji motsin ludayi a ƙwarya da safe sai gabana ya faɗi. Wurno fa na ce za ni!

Kai ka ce wata biyu, ni na ce kwana biyu. Jirgin nan ba naka ba ne. Shi zai kai ka, amma ba wanda ya yi maka alkawarin shi zai komo da kai. Gobe Bature yana iya cewa aiki ya yi kyau, a wuce Ikko, ko a ƙara wata shida, kuma za ka bi, don haka aiki yake. Ba mugun fata nake maka ba, Allah ya sani. Ina gaya maka ne yadda hanya take jan mutum.

Na san abin da ya shiga tsakaninka da Goggonka. Bayan Babbar Salla maƙwabtanta sunka kawo fatun layya, ka jefa su cikin na baya marasa daraja a gaban Bature. Sunka kai mata ƙara, ta kira ka ta wanke ka tas a gaban mutane, ta ce hular Nasara ta toshe maka kunne. Kai kuma ka ce mata, “Ai ba ke kika haife ni ba.” Wata bakwai ke nan ba ka taka gidan ba. A kan fatun kana da gaskiya, na gan su da idona, duk hujin wuƙa ne. A kan maganar kuwa, tir! Ba ta haife ka ba, haka ne. Ni na ɗauke ka ranar da anka yaye ka na kai mata, don 'ya'yanta ba su zauna ba, kuma ita kaɗai ta yi jinyar Inna lokacin da nake yawona. Da ƙyanda ta kama ka, kwana tara kana bayanta, ko salla da kai take yi. Wannan tabon na goshinka, da ka faɗo daga kan katanga, ita ta fi ka kuka. Yanzu idonta ya yi rauni, tun sanyin bana a zaune take salla.

To saurara ka ji abin da na gani yau, don ba duka labarina ne mai ɗaci ba.

Da na rabu da Liman ban koma majema ba, na miƙe Ƙofar Taramniya. Tun daga zaure ƙamshin nakiya ya tare ni. Na shiga na same ta zaune a kan tabarma, ga ƙulle-ƙulle jere a gabanta, kowane an ɗaure shi da tsumma mai tsabta. Na ƙirga, goma sha huɗu. Ashe tun ranar Juma'a labarin tafiyarka ya kai mata ta bakin masu fata, tun ranar kuma turmi bai huta ba a gidan. Matan maƙwabta, waɗanda ka zubar wa mazansu da fatu, su sunka taya ta daka.

Na ce, “Yaya, mene ne wannan?”

Ta ce, “Ba ruwanka.”

Na nemi wuri na zauna. Can ta ce, “Guzuri ne. Ba Kano anka ce za shi ba?”

Na ce, “Yaya, ai a jirgin sama za shi. Da hantsi za su tashi, kafin azahar sun sauka.”

Ta juyo da fuskarta wajena ta ce, “Kai da bakinka kac ce min kwana goma sha huɗu ne. Kano ta taso ta matso ne ban ji ba?”

Ka ji fa, maganar Liman ce ta fito daga bakin matar da ba ta taɓa wuce ƙofar gari da nisa ba. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, ta katse ni. Ta ce, “In abin nan ya gaji yas sauka tsakiyar Gundumi hwa? Mi yaron zai ci? Baturen zai dama mai hura?” Daga nan ta shiga lalubar ƙullin ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunan zango, yadda na riƙa ba ta labari tun muna da ƙuruciya, ba ta ɓata ko guda ba. Wannan na Wurno, dakuwa ce. Wannan na Zurmi, dambun nama. Na Gundumi ya fi kowane girma, nakiya da gumba da dabino, kuma kusa da shi ga tsohuwar salkata, wadda na zaci ta ruɓe tuntuni. Ashe tana ajiye da ita, ta shafe ta da mai. Kuma guda biyu ta ajiye, ta aro ta biyun wurin maƙwabci. Ta ce, “Ka san jinin gidanku da cika salka guda.”

Dariya ta kama ni, hawaye kuma suna zuba, na gode Allah da idonta bai gani sosai.

Na ce, “Wa zai kai masa?”

Ta ce, “Ba mai kai mai. Wanda ya san hanyar gidan ga shi zo shi ɗauka. In bai zo ba in rabas. Kuma kar in ji ka gaya mai.”

Na ce to. Ga shi kuwa na gaya maka. Wannan laifi nawa ne, ni zan ji da ita, na saba shan faɗanta tun ina rarrafe.

Abin da nake so ka yi ke nan. Gobe Laraba bayan la'asar ka tafi. Ka tuɓe takalmi da hular nan tun daga zaure. Ka durƙusa. Kada ka kawo zancen fatu, kada ka tsaya yi mata bayanin gudun jirgi, ni na gwada na sha kashi. Ka ce, “Goggo, ki yafe mini,” ka yi shiru. Za ta yi faɗa, watakila mai tsawo, ka bar ta ta gama, na wata bakwai ne ya taru. Sa'an nan ka kwashi ƙullin nan duka goma sha huɗu, da salka biyun. Na ji an ce kafin a shiga jirgi ana ɗora mutum da kayansa a kan sikeli kamar fata. In Bature ya ce nauyi ya yi yawa, bar akwatin tufafinka, Kano ba a rasa riga.

In ka sauka, ka riƙa kwance ƙulli guda kowace rana, kai da mai masaukinka, bi da bi yadda ta jera. Ita ma nan za ta riƙa ƙirgawa, na san ta. Ranar da ka kwance na goma sha huɗu, a wurinta ran nan ka isa Kano. To ran nan ka rubuto mata takarda ka ce ka sauka lafiya, ni zan karanta mata. Ka ba ta labarin yadda Gundumi yake daga sama, don ni ma ina son in ji.

Allah ya tsare hawanka da saukarka. Allah ya riƙe ƙarfen nan a sama da ikonsa, ya ba matuƙinsa natsuwa, ya sauke ku kan ƙasa mai albarka. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki a Kano, ya sa harshenka ya yi sanyi, ya ɗaukaka aikinka, ya komo mana da kai muna raye, mu uku mu zauna a tabarma guda. Ni na yafe maka duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe mini shirun da na yi maka shekara da shekaru.

Gobe in ka zo za ka same ni a zauren Goggonka, kada ka tsaya gaishe ni, wuce ciki kawai. Ba zan shiga ba, zama zan yi kusa da ƙofa. Yaya Kulu muryar Inna gare ta sak, tsufa kuma ya ƙara musu kama. Ina so in ji ta faɗi kalmar nan da kunnena.

Wassalam. Mahaifinka.